Abin da ɗakin kayan ibada ya koya mini game da jira

Aikin mai kula da kayan bagade a cocin Katolika ba shi da suna a bakin mutane, amma duk wanda ya yi shi dole ya san kalandar Ikilisiya kamar yadda ya san hanyar gidansu. Kafin Fada ya fito, an riga an duba ranar, an zaɓi launin riga, an buɗe littafin karatu a inda ya dace. Na shiga aikin ina ɗaukar launuka su ne babban abu: shunayya, fari, ja, kore. Da tafiya ta yi nisa na gane yawancin aikin nawa hana abu ne ya fito kafin lokacinsa.

Shekarar Ikilisiya tana farawa ne da Lahadin farko na Adben, wato lokacin jiran Kirsimeti, Lahadin da ya fi kusa da 30 ga Nuwamba. A lokacin hunturu ya kankama, kasuwa ta cika da kayan Kirsimeti, tela ba ya barci. Amma a cikin coci shunayya ce a bagade, an rage furanni, kuma a ranakun Lahadi ba a rera waƙar "Ɗaukaka ga Allah" har sai daren Kirsimeti. Kowace shekara sai an samu masu kyakkyawar niyya da ke son rataya kayan ado tun makon farko. Wata dattijuwa a Zumuntar Mata ta taɓa tambayata, "Ɗana, mu da muke murnar haihuwar Mai Ceto, me ya sa za ka bar coci babu ado?" Na ce mata, "Mama, Lahadi huɗu ne kawai, ki yi haƙuri." Daren 24 ga Disamba, da aka kaɗa ƙararrawa 'yan kwaya suka ɗaga waƙar da aka ɓoye musu kusan wata guda, ita ce ta fara guɗa.

Lokacin Azumin da ake yi kafin Ista, idin tashin Yesu daga matattu, ya fi tsanani. Daga Larabar Toka, ranar farkon azumin da ake shafa toka a goshi, ake rufe bakin "Halleluya" gaba ɗaya. Tokar ma tana da tarihinta: ganyen dabinon da aka ɗaga a Lahadin Dabino na bara shi ake tattarawa a ƙona a tankaɗe. Wato duk shekara akwai ƙunshin busasshen ganye da nake ajiyewa wata goma ko fiye, ina kare shi daga gara da mai shara. Kwana arba'in ake ƙirgawa ban da ranakun Lahadi, shi ya sa tsakanin Larabar da Ista ake samun kwana 46. A wurinmu wannan lokacin yakan faɗo cikin zafin bazara, sai azumin ya zama abin da jiki ke ji sosai. A 2026 kuwa Larabar Toka, 18 ga Fabrairu, ta zo mako ɗaya da farkon Ramadan, maƙwabci da maƙwabci suna gaisuwar azumi.

Kwana ukun ƙarshe su ne makarantar gaske. Daren Alhamis Mai Tsarki, bayan wanke ƙafafu, ni nake kwashe duk abin da ke kan bagade: mayafi, kyandir, komai. Juma'a babu Mas, babbar ibadar Katolika, ko ɗaya a duniya. Asabar da rana coci na nan wayam. Sai dare ya yi a hura sabuwar wuta a waje, a kunna babban kyandirin Ista, a shiga da shi cikin duhu, kowa ya kunna nasa daga na ɗan'uwansa. Da an bar fitila ɗaya a kunne tun farko, da hasken nan bai faɗi komai ba. Saboda haka nakan zagaya da kaina in tabbatar an kashe kowace.

Ranar Ista kanta ba a zaune take ba. Ƙa'idar da ake dangantawa da taron shugabannin Ikilisiya da aka yi a garin Nikiya a shekarar 325 ita ce Lahadin farko bayan cikar wata da ta zo daga 21 ga Maris, don haka tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A 2024 ta zo 31 ga Maris, a 2025 kuma 20 ga Afrilu. In ta motsa, Larabar Toka da Hawan Yesu Sama da Fentikos, idin saukowar Ruhu Mai Tsarki, duk sun motsa tare da ita. Mai wannan aiki ba ya dogara da kalandar bara.

Bayan kwana hamsin na farin kaya da jan Fentikos, sai kore ya dawo ya zauna. Makonni 33 ko 34 ne a shekara, mafi yawansu cikin damina, lokacin da rabin jama'a ke zuwa coci da laka a takalmi daga gona. Babu ganga ta musamman, babu baƙi daga birni. A ganina nan ne ake gina mutum, domin a waɗannan makonnin ake bin Linjila ɗaya a jere: Matiyu a shekarar A, Markus a B, Luka a C. Wanda bai fasa zuwa ba, cikin shekara uku ya ji kusan dukan rayuwar Yesu da kunnensa ko da bai iya karatu ba. Bukukuwa kan tsinka koren nan jefi-jefi: shahidan Uganda ranar 3 ga Yuni, Ɗaukar Maryamu zuwa Sama ranar 15 ga Agusta, Dukan Tsarkaka ranar 1 ga Nuwamba, washegari kuma addu'a domin matattu.

Har jerin gwanon Jikin Almasihu, da ake zagaya gari da tsarkakakken gurasar tarayya, sai da aka sa shi jira. Idinsa na zuwa ne wajen Mayu ko Yuni, ruwa na zuba, don haka a Najeriya ake ɗage zagayen gari zuwa idin Almasihu Sarki, wanda Fafaroma Pius na 11 ya kafa a 1925, yanzu kuma shi ne Lahadin ƙarshe na shekara. Ranar ana fita da laima da ganguna da kayan anko, a dawo da ƙura har gira. Litinin nake wanke fararen kaya in ninke, in fito da shunayya in duba ko asu ya taɓa ta.