Alfalfa ba abincin babbar cincila ba ce

Da muka karɓo wa 'yata cincila, wata 'yar dabba dangin ɓera mai laushin gashi, a nan Ingila, mai kantin dabbobi ya miƙo min buhun ciyawar alfalfa, ya ce ita ce ta fi gina jiki. Har da hoton cincila a jikin buhun. Na buɗe na ga koriya shar, ga ganye, ga ƙamshi, sak harawar gyada. Wanda ya taso yana ganin yadda harawa ke cika rago, me zai sa ya yi musu?

Ashe nan gizo ke saƙa. Alfalfa dangin wake ce, cike take da furotin da sinadarin kalsiyam. Ita kuwa cincila asalinta tsaunukan Andes ne na Kudancin Amurka, inda busasshiyar ciyawa mai kaushi ce abincinta. 'Ya'ya masu tasowa da mai ciki da mai shayarwa su ake ba alfalfa. Tamu babba ce, kuma dunƙulallen abincin da muke ƙara mata shi ma da alfalfar aka haɗa shi. Kalsiyam kan kalsiyam.

Sai ta fara tsugunawa tana nishi wajen fitsari, wurin ya bushe da fari-fari kamar alli. Likitan dabbobi ya ɗauki hoto, ga tsakuwa a mafitsara. Tiyata aka yi. Kuɗin da na biya, gara kar in faɗa. Tambayarsa ta farko ita ce wace ciyawa take ci, da na faɗa sai ya girgiza kai kawai. Ya ce ba abinci kaɗai ke jawo tsakuwa ba, amma ni dai buhun nan nake gani.

Yanzu busasshiyar ciyawar da ake kira timoti take ci, wani lokaci in gauraya da ta filin kiwo. Da farko ta yi yaji, tana watsar da ita ƙasan keji, sai da muka riƙa rage tsohuwar kaɗan-kaɗan. Yankan farko nake nema, mai kara da kauri, domin haƙoranta 20 ne kuma duk ba sa daina tsiro. Tauna karan nan ce ke goge turamen. Idan suka yi tsawo, za ka ga haɓarta jiƙe da yawu, ta ƙi abinci.

Kafin in saya sai na shinshina. Warin danshi ko alamar fumfuna, na ajiye. In na girgiza ƙura ta tashi, na ajiye. A gida kuma cikin kwali nake zuba ta, leda tana sa ta gumi.

Kantin nan har yau buhun yana kan kanta da hotonsa. Na yi wa mai kantin magana, ya ce ai mutane suna saye.