Noti mai famfo na juyen baƙin mai

Wani abokina ɗan acaɓa a Ringim ya sa wa Boxer ɗinsa notin nan mai ɗan famfo a gindin inji. Ba sifana, ba ɓata hannu, ka murɗa ɗan hannun famfon kawai mai ya zubo. Wallahi ya burge ni, don duk mai yawan juye ya san yadda ɗaurewa da kwancewa ke cinye zaren gindin inji, tunda alminiyam ne, kuma yaran bakanike ba sa ɗaure noti da tausayi.

Amma da na duƙa na leƙa, sai jikina ya yi sanyi. Abin ya leƙo ƙasa fiye da notin asali. Mu da muke bin burji da hanyar gona, ga buhun masara a baya, dutse ɗaya ko kututture ya isa ya fizge shi, kuma man da bai wuce lita ɗaya ba kafin ka ankara ya tsiyaye, inji ya buga. Ga ƙofarsa ƙarama, mai na fita a hankali, dattin ƙasa ba lallai ya biyo ba. Laka kuma da damina sai ta toshe bakin.

Masu hawan kwalta a birni su gwada. Ni dai sabon washa, wato ɗan zoben da ake sa wa noti, zan riƙa sa wa notina na asali.