Ƙananan fitilun jikin motar tafi-da-gidanka: saƙo ga 'yan rewayan Kano masu shirin zuwa Amurka

Ƙannena da ke garejojin Ƙofar Ruwa, cikin ayyukan da suka fi saurin samuwa ga mai hannun rewaya a nan Amurka akwai gyaran motocin da ake kira RV, waɗanda mutum ke tafiya da gado da kicin da banɗaki a cikinsu. Wasu da injinsu, wasu tirela ce da ake ja da fikof, kuma yawancinsu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su. Aiki yana cika daga watan Afrilu zuwa Mayu, lokacin da ake fito da su bayan sun yi watannin sanyi a ajiye. Abin da aka fi miƙa wa sabon zuwa shi ne ƙananan fitilun jiki.

A gida mun saba ɗaukar irin waɗannan fitilu a matsayin kwalliya. A nan doka ce, ƙa'idar tarayya mai lamba 108, kuma Kanada tana da kwatankwacinta. Motar da faɗinta ya kai inci 80, wato mita biyu da ɗan kai, dole ta kasance da fitilu biyu a kusurwoyin sama na gaba da biyu a baya masu nuna faɗinta. Akwai kuma uku a jere a tsakiya, tazarar inci 6 zuwa 12 tsakaninsu. Mota mai inji tana da su gaba da baya, tirela a baya kawai ake buƙata. Na gaba ruwan ɗorawa, na baya ja, haka ma na gefe. Idan tsawon ya kai ƙafa 30 sai an ƙara ɗaya mai ruwan ɗorawa a tsakiyar kowane gefe. Kada ka sa shuɗi ko fari don ya yi maka kyau, ɗan sanda zai tsayar da mai motar.

Dubawa ba wuya. Kunna fitilar fakin, ka zagaya da takarda kana rubuta wadda ta mutu, wadda ta dusashe, da wadda raɓa ta taru a cikin murfinta. Idan tirela ce kuma babu motar ja a kusa, ɗauki fulogin tirelar mai baki bakwai, wanda ake jona wa motar ja, ka haɗa bakin wutar batir da na fitilun jiki, su ne biyun da ke gefen ɗan tudun fulogin. Da fis mai amfiya 10 ko 15 ake haɗawa, ba da guntun waya ba. Duk za su kama daga batirin tirelar.

Yadda suka mutu shi ke nuna inda ciwon yake. In gaba ɗaya ne, je ka ga fis, kuma ka tuna yawancin fikof suna da fis ɗin tirela daban da na fitilun motar, a akwatin da ke ƙarƙashin bonet. In daga wata fitila zuwa baya ne suka ɗauke, waya ta saki a bayan ta ƙarshe mai kamawa, domin a jere ake ɗaura su. In kuwa suna dusashewa duk sanda aka taka burki ko aka kunna sigina, negetif ne ba shi da kyau.

Nan ne ɗan Kano ya fi shan wuya. Mun saba jikin mota ƙarfe ne, ko'ina ka taɓa ka sami negetif. Jikin RV faiba ne ko siririn alminiyam a kan katako. Wasu fitilun ta ƙusar ɗauri suke samun negetif, wasu ta farar waya da ke gangarowa har kan shasi. Gishirin da ake zubawa a titi saboda ƙanƙara yana cin wannan mahaɗa har ta yi kore. Sa mita tsakanin negetif ɗin fitilar da na batir alhali tana kunne. In ka ga abin ya doshi rabin bolt, kwance ƙusar, kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, ɗaure, sannan ka shafa giris ɗin lantarki.

Launin waya ma yana yaudara. A ƙaramin fulogi mai baki huɗu, ruwan ƙasa ita ce ta fitilun jiki, koriya siginar dama. A tsarin RV mai baki bakwai, sau da yawa koriya ce ta fitilun jiki, ruwan ƙasa ta koma siginar dama. Gwada kafin ka yanka.

Ƙwan da ke ciki yawanci mai lamba 194 ne ko 168, cusa shi ake yi, bolt 12. Masu motoci da yawa suna so a mayar musu LED don ba ya cin wuta. In ka sa bai kama ba, zare ka juya shi, wasu ta fuska ɗaya kawai suke karɓar wuta.

Amma ƙwai ƙaramin al'amari ne. Kowace fitila huda ce a jikin ɗaki. Ruwan da ya bi ta bayanta ba ya tsayawa a waya, yana shiga filawud ɗin bango ya jiƙa shi, gam ya saki, faiba ta kumbura, gyaran da ya ninka kuɗin fitilar sau ɗaruruwa. Na saman gaba su suka fi yoyo, su ke cin iska da ruwa a kan hanya. Don haka in ka cire fitila, kankare tsohon lik da abin roba, goge da sifirit, liƙa sabon tef ɗin butil, mai danƙon hana yoyo, a bayanta har ya rufe hudar waya da ta ƙusa, ɗaure da hannu don kada roba ta tsage. Sai ka bi sama da gefe biyu da lik ɗin da ba ya zuba, ka bar ƙasa a buɗe ruwa ya sami mafita. Silikon ɗin banɗaki a bar shi, in ya bushe babu abin da ke sake kama wurin.

Murɗa waya biyu a naɗe da baƙin tef, wanda ƙurar hunturu ba ta hana shi aiki a Kano, ba ya kai sanyi ɗaya a nan. Mahaɗar da ake matsewa a gasa ta rungume waya ake sawa. Kuma duk abin da ka taɓa ka rubuta shi a takardar aiki, har da yoyon da ka gani ba a sa ka ba, domin da ita oga zai yi wa mai mota lissafi, da ita kuma za a neme ka in motar ta dawo.