Jar fitila mai ƙifta biyar: abin da na koya a cikin akwatin kwamfutar aikina

Sana'ata haɗa bidiyon biki ce: kamu, ɗaurin aure, walimar sauka, wani lokaci har taron siyasa idan kakarsa ta kama. Shagona yana wajen Bauchi Road a Jos. Duk mai wannan aiki ya san laftof ba ta jure shi. Ka ɗora mata bidiyo mai tsawo, fankarta ta yi ta kuka, jikinta ya ɗau zafi, ga dangin amarya suna ta kiran waya. Shi ya sa da kuɗi suka taru na nufi Banex da ke Wuse 2 a Abuja, na sayo tokumbon irin manyan kwamfutocin tebur ɗin nan da ake ƙerawa don injiniyoyi da masu zanen gine-gine. HP suna da jerin Z, Dell suna da Precision, Lenovo kuma ThinkStation. Tawa HP Z440 ce, ƙirar da ta fito a 2014, mai furosesa Xeon, furosesa kuwa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta.

A shagon an kunna ta a gabana, lafiya lau. Aka sa ta a but, muka biyo ta Keffi da Akwanga, muka hau Hawan Kibo. Da na jona ta a Jos na danna maɓalli, monita ta tsaya baƙa ƙirin. Fitilar maɓallin, wadda ya kamata ta yi fari, sai ta koma ja tana ƙiftawa, akwatin kuma yana ƙara, ɗit, ɗit, ɗit. Na kira maigidana da ya koya mini aiki, mutumin da ya daɗe yana gyaran kwamfuta a Ahmadu Bello Way.

"Oga, an sayar mini da gawa."

"Kai ƙanena, gawa tana kuka? Ƙirga mini sau nawa take ƙiftawa kafin ta huta."

Na ƙirga: biyar, ta ɗan tsaya, ta sake biyar.

"Ram ne. Hanya ta girgiza shi. Zare ka mayar."

Haka kuwa aka yi: na zare ram, wato sandunan da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a kansu, na mayar. Daga ranar na daina kallon waɗannan fitilu a matsayin ado. Kafin monita ta nuna komai, kwamfuta tana binciken kanta, idan kuma ta ci karo da matsala ba ta da hanyar gaya maka sai fitila da ƙara. A irin tawa, jar ƙifta biyu na nufin furosesa ya yi zafi har ya kashe kansa don kada ya ƙone. Huɗu, matsalar wuta ce. Biyar, ram. Shida, katin girafik, wanda ke aika hoto zuwa monita. Ƙarar tana dainawa bayan ta maimaita sau biyar, amma fitilar ba ta fasawa sai an gyara, don haka in ka makara ba ka ji ba, ido ya isa. Sai dai kowane kamfani da yarensa. Tsofaffin Precision na Dell suna da 'yan fitilu huɗu a gaba masu lamba 1, 2, 3, 4, waɗanda suka biyo baya kuma suna ƙifta ruwan goro a maɓallin kunnawa. Kada ka ɗauki lissafin wannan ka kai wa wancan. Nemi littafin ƙirar taka, ka ajiye shafin a waya.

Buɗe ta ba ya buƙatar sukundireba. Mariƙi ɗaya ne a murfin gefe, ka ja, ya fito. A bayan murfin akwai takarda manne mai taswirar madabod, wato babban allon da komai ke maƙale a jikinsa, da tsarin da ake bi wajen jera ram, wanda mutane da yawa ba sa ko kallo. A ciki, duk inda aka sa alamar kore wurin kamawa ne, an yi shi don yatsa. Dell suna amfani da shuɗi. Abin da ba shi da wannan alama, ka yi tunani kafin ka finciko shi.

Amma kafin hannu ya shiga, a zare wayar wuta daga baya. Kashe maɓallin gaba bai wadatar ba, domin muddin waya na jone akwai 'yar wuta da ke zagayawa a madabod. Bayan an zare, a danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar ta tsiyaye. Sannan ga abin da ya shafe mu mutanen Jos musamman. Lokacin hunturu, iska ta bushe, kowa na cikin suwaita, ka taɓa ƙofar mota ka ji ta ɗan ja ka. Wannan tartsatsin da jiki ke tarawa ya isa ya kashe sandar ram, kuma ba lallai ne ka ji shi ba. Ni dai nakan tuɓe suwaitar, in taɓa ƙarfen akwatin kafin in taɓa komai, in kuma riƙe ram ta gefe, ban da haƙoransa masu ruwan zinariya.

Batun ram ɗin nan ya fi kowanne tsawo. Gurbi takwas ne, huɗu a kowane gefen furosesa. Ba irin na kwamfutar ofis take ci ba. Tana son DDR4 mai ECC, wato wanda yake gano ƙananan kurakurai ya gyara da kansa, kuma nau'in da ake sa wa manyan sabobi, wato kwamfutocin da kamfanoni ke tara bayanai a kansu. Wanda ake sa wa kwamfutar gida zai iya shiga gurbin daram, amma ba za ta tashi ba, kuma ba a gauraya su. Ga daɗin abin: da yake kamfanoni a Turai da Amurka suna zubar da tsofaffin sabobi, tokumbon irin wannan ram yakan samu a kasuwa. Furosesan yana da hanyoyi huɗu na magana da ram, shi ya sa sanda huɗu masu giga 8 sun fi sanda ɗaya mai giga 32 gudu, ko da jimillar ɗaya ce. Wajen sakawa, ka dubi tsagar da ke ƙasan sandar, ka daidaita ta da ta gurbin, ka danna gefe biyu har maƙallan su ce ƙas. In ba ka ji wannan ƙas ɗin ba, bai zauna ba, kuma jar fitila na jiranka.

Yanzu bayan akwatin. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne babu kafar monita ko ɗaya a jikin madabod. Irin wannan Xeon ba shi da sashen hoto a cikinsa, don haka in babu katin girafik babu hoto, ko da komai lafiyarsa ƙalau. Kafofin monita suna can ƙasa, a jikin katin. Nawa Quadro K2200 ne mai giga 4, yana da DVI ɗaya da DisplayPort biyu, babu HDMI. Monitocin da suka cika kasuwarmu kuwa VGA ne da HDMI. Sai an nemi mahaɗi, kuma mahaɗin yana da alƙibla: wanda ke ɗaukar hoto daga DisplayPort zuwa HDMI ba ya yin akasin haka. Ga kuma wata mugunta ta wayar DisplayPort. Yawancinsu suna da ƙugiya a baki, sai ka danna wuyan kafin ka ja. Na ga katin da aka fizge wa kafa gaba ɗaya a wani shago saboda yaro ya ja da ƙarfi.

Sauran kafofin ba su da wuya in ka san launi. USB mai shuɗin harshe na 3.0 ne, yana kaiwa gigabit 5 a daƙiƙa, mai baƙin harshe kuma na 2.0, megabit 480. Ga mai kwashe bidiyon biki daga katin kyamara wannan bambanci ne tsakanin ka gama kafin La'asar ko ka kai Isha'i. Saboda haka baƙaƙen biyu na baya na bar wa kibod da linzami, shuɗayen na faifan ajiya ne. Ɗaya daga cikin kafofin USB huɗu na gaban akwatin yana da alamar walƙiya, shi ne na cajin waya, kuma shi ne abokai suka fi sani a duk kwamfutar. Zagayayyun nan biyu, shunayya da kore, PS/2 ne, tun 1987 IBM ta fito da su, na kibod da linzami na da. Kada a raina su: ranar da USB ya ƙi aiki kana son shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta buɗe, tsohon kibod ne zai fisshe ka, amma a jona shi kafin a kunna. Na sauti, kore na lasifika, shuɗi na shigar da sauti daga mikisa. Kafar wayar intanet tana da 'yan fitilu biyu, ɗaya ta nuna an haɗu, ɗaya ta yi ta ƙiftawa idan bayanai na wucewa. In duka a mace suke, fara zargin waya kafin ka zargi kwamfuta.

Akwai kuma wani ɗan maɓallin kunnawa na biyu a baya. Amfaninsa shi ne in na gaba ya lalace, ko wayarsa ta kwance, ka san ba madabod ba ne ya mutu.

Fawa-fak, akwatin da ke karɓar wuta ya raba wa sassan kwamfuta, shi ne abin da nake roƙon kowa ya girmama. Kada a buɗe shi, ko an zare waya, domin akwai abubuwan da ke riƙe wuta a ciki. Na waɗannan kwamfutoci yana karɓar bolt 100 zuwa 240 da kansa, amma tsofaffin tokumbon Amurka wasu suna da jan makunni a baya mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce. In yana kan 115 ka jona, sai hayaƙi. Na Z440 iri biyu ne, mai wat 525 da mai wat 700, kuma bakin wayarsa ba irin na gama-gari ba ne, ba za ka shiga kasuwar Terminus ka sayo kowanne ka maƙala ba. Wanda ke da niyyar ƙara babban katin girafik nan gaba ya duba tun a shago ko akwai waya mai fil 6 da ke ƙara wa katin wuta, domin gurbin katin kansa wat 75 kawai yake bayarwa.

Sanyin Jos yana taimakon kwamfuta, ƙurar hunturu kuma tana cin ta. Takan taru a haƙarƙarin abin sanyaya furosesa har iska ta kasa wucewa, daga nan fanka ta fara ihu, sai ƙifta biyu. Nakan fitar da ita waje in hura da bulowa, ina riƙe da fankokin da yatsa don kada iska ta juya su fiye da ƙima. Na kuma ɗauke ta daga ƙasa na ɗora kan benci. In kuwa kullum aka ɗauke wuta agogonta ya rikice, ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo, CR2032 mai bolt 3, ana samunsa wajen masu gyaran agogo.

Yanzu idan wani ya ce in raka shi sayen irinta, sharaɗina ɗaya ne: a buɗe murfin a gabanmu, ba a cinikin biri a sama. Mu ƙirga sandunan ram, mu karanta takardar jikinsu, mu ga wat nawa aka rubuta a fawa-fak, mu soka filashi a kowace kafa ɗaya bayan ɗaya. Mu duba ko faifan ajiyar SSD ne, wato mai sauri, ko mai juyawa, kuma mu tuna ita wannan ƙirar ba ta da gurbin ƙaramin SSD da ake kira M.2 a madabod, sai da katin da ake sokawa a PCIe, wato gurbin katuna. In za a yi doguwar tafiya da ita, a zare katin girafik a naɗe shi daban, a kwantar da akwatin madabod na ƙasa.

Sannan in gaya masa abin da mai shago ba zai fara faɗa ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, furosesan wannan ƙirar kuma ba ya cikin jerin waɗanda Windows 11 ta amince da su. Ni na raba tawa da intanet, aikinta haɗa bidiyo kawai, saƙonni da harkar banki suna waya. Kuma ƙaramin UPS na kwamfutar ofis, abin da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta, ba ya ɗaukarta idan tana tsakiyar fitar da bidiyo, don haka a sa kuɗin babba cikin lissafi tun kafin a bar Abuja.