Ƙofa ce ta kai ni Chaina

Ni dai sana'ata wayarin ce, gidaje da shaguna da ɗan aikin kamfanoni a Sharaɗa, ban taɓa kawowa a raina wai ƙofa za ta sa ni hawa jirgi ba. Maigidana Alhaji ne ya gina sito mai sanyi, yace yana son ƙofar nan mai buɗe kanta, kuma tunda ni zan haɗa ta in ta iso to gara in je in gani da idona. Haka muka tashi daga Kano a jirgin Ethiopian cikin Oktoban 2024, muka yada zango a Addis Ababa, daga nan sai Guangzhou.

Mun tarar da garin a cike maƙil saboda lokacin babban baje kolin kasuwanci na Canton Fair ne, muka sauka a Xiaobei inda 'yan Afirka suka fi yawa, abincin halal ba wahala. Kwana biyu Alhaji na ta harkokinsa, a na uku motar kamfanin da ke yin ƙofar ta ɗauke mu zuwa garin Foshan.

Muna shiga harabar na ga motar ɗaga kaya ta nufo wata ƙofa a guje, gabana ya faɗi, sai kawai naga ƙofar ta naɗe sama fuuu kafin ya iso, direban ko birki bai taka ba. Na tambayi tafinta waye ya danna, yace ba kowa, waya ce aka binne a ƙasan siminti kamar zobe, in ƙarfe mai yawa ya hau kanta sai ta ba akwatin kwantirol labari, mutum ko ya wuni yana tsalle a wurin ba za ta buɗe ba. Wata ƙofar kuma igiya ce ke reto daga sama, direba ya miƙa hannu ya ja ba sai ya sauko ba, akwai mai rimot, akwai mai mukulli don kada kowa ya taɓa. Injiniyan ya buɗe min akwatin, moton yana cin wuta volt 380 ne tiri fes amma duk maɓallan nan volt 24 kawai ke bi ta cikinsu, su saƙo kawai suke kaiwa, akwatin ke yanke hukunci, sannan akwai limit da ke gaya masa ƙofa ta kai ƙarshe sama ko ƙasa ya tsaya.

Inda na daɗe a tsaye shi ne gaban maɓalli ukun nan na jikin bango, na buɗewa da na rufewa da jan na tsayarwa. Na buɗewa da na rufewa a yanke suke, sai ka danna wuta ta wuce. Shi kuwa jan a haɗe yake kullum, wuta na bi ta cikinsa dare da rana, dannawa ce ke yanke ta. Injiniyan ya zare wayar jan maɓallin guda ƙofar na cikin saukowa, nan take ta tsaya cak. Wato ko ɓera ne ya ci wayar ko kusa ta kwance, ƙofar ƙin motsi za ta yi, ba wai ta cigaba da aiki da mataccen maɓalli ba wanda ya sani sai ranar da aka buƙace shi. Ya kuma nuna min saitin da sai ka riƙe maɓallin rufewa da yatsa take sauka, kana saki ta tsaya, yace in babu idon sensa mai gane in wani abu ya gitta bakin ƙofa da robar ƙasa mai jin taɓi to haka ya kamata a bar ta.

Wallahi jikina yayi sanyi, don na tuna wani sito a gida da ƙurar hunturu ta rufe idon sensa ƙofa ta dinga ƙin rufuwa, maimakon a goge da tsumma sai wani ya haɗe wayoyin biyu ya naɗe da salatif, bayan 'yan makonni ta sauko a kafaɗar wani yaro ɗan dako. Ya warke alhamdulillahi amma abin bai bar raina ba.

Na tambaye shi in an ɗauke wuta fa, don mu wannan ba sai an faɗa ba. Ya nuna min sarƙar ja da hannu, ita ma da nata makunnin, kana saka ta yake yanke moton don kada wuta ta dawo hannunka na kai.

A mota muna komowa nace ranka ya daɗe Alhaji, a ƙara mana idon sensa biyu da jan maɓalli na ajiya, kuma a ɗaga akwatin daga inda ruwan wanki ke kaiwa. Yace Malam kai ka san aikinka, rubuta. A kan gwiwata na rubuta a bayan katin otal, muna shiga Xiaobei ana haramar magariba na miƙa wa tafinta.