Lema ta buɗe, saura sauka

Jiya ƙanena ya ji zancen horon sarrafa lema da na shiga, wato lemar dira daga sama, sai ya ce: "Yaya, bayan duk dirar da ka yi da lema, horon me kuma?" Sai na nuna masa idon sawuna.

A Yamai na samu wannan karaya, cikin zafin Afrilu. Lema ta buɗe lafiya lau, ni na ja igiyar hagu na yi kwana dab da ƙasa. In ta juya nutsewa take, iska mai zafi kuma ba ta tallafe ta sosai. Wata uku ina dogara sanda.

A horon sarrafa lema malam ya ɗauki saukata a bidiyo. Wallahi hannun damana riga na hagu yake wurin jan birki, wato igiyoyin hagu da dama da ake ja don rage gudun lema, shekara da shekaru ban sani ba. Yanzu tun can sama nake gwada birkina.