Kwana Huɗu Bayan Ƙarshen Kwalta

Shekaranjiya da daddare muka dawo, kuma har yanzu in na rufe ido ƙarar tsakuwa nake ji tana dukan ƙarƙashin mota. Motoci biyu muka fita da su, tawa da ta Yayana, jif iri ɗaya, irin waɗanda cikinsu kujerun fata ne da sanyi kamar falo, amma an yi musu giyar hawan dutse da abin ɗaga jiki sama. Takalmin da kowacce ta saka, wato taya, shi ne kawai ya bambanta su.

Rigimar tun kafin mu tashi ta fara. Motocin sun zo ne da taya mai lamba 275/45 R22. Na yi shekaru ina ganin lambobin nan ban taɓa damuwa ba, sai da mai gyaran taya ya tsuguna ya ɗora yatsa a kansu: 275 faɗin taya ne a milimita, 45 na nufin tsayin gefenta kashi 45 cikin ɗari ne na faɗin, wato kamar milimita 124, sai 22 girman rim a inci. Ya ce wannan ɗan gefen shi ne duk abin da ke tsakanin rim ɗinka da dutse. Na ce to a sauko da ni inci 18, a sa 255/70, mai gefen da ya haura milimita 178. Aka kawo, ramukan noti suka yi daidai, aka tura, rim ya ƙi zama. Birkin motar ya yi masa girma, yana gugarsa ta ciki. Haka na haƙura da 255/60 R20, gefe milimita 153. Tsayin tayar gaba ɗaya ya tashi daga milimita 806 zuwa 814, bambancin da bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba, don haka agogon gudu ba zai yi mini wata ƙarya ta a zo a gani ba. Zanen kuma na zaɓi A/T, mai cin kwalta da daji, ba M/T mai manyan haƙora na laka ba.

Yaya ya zagaye motar sau biyu, ya ce, "Kai dai ka mayar da mota kamar ta kwasar yashi." Shi tasa ba zai taɓa ba.

Ranar farko kwalta ce zalla, kuma ranarsa ce. Sababbin tayoyina suna wani gunji mara yankewa daga ƙasa, wanda ba ka jinsa a cikin gari saboda hayaniya, amma a doguwar hanya sai ya zauna maka a kunne. A kwana kuma motar ta ɗan yi lanƙwasa fiye da yadda na saba. Mai ma ta fi sha, na gani a geji lokacin da muka tsaya tare. Yaya ya nuna mini harafin W da ke jikin tayarsa, ya ce tana ɗaukar gudun kilomita 270 a awa, tawa mai H kuwa 210. Na ce, Yaya, da tanti da jarkokin ruwa a but wa zai yi 270? Ni lambar da ke gaban harafin ta dame ni, 113, wato kowace taya tana ɗaukar kilo 1,150, don mota irin wannan ko babu kaya ta haura tan biyu.

Inda kwalta ta ƙare akwai shinge, da wani jami'i da ban ga mai ɗacin rai irinsa ba a tafiyar nan. Ko sallama bai amsa ba. Ya karɓi takardu da yatsu biyu, ya juya su, ya miƙo yana kallon wani wajen. Sai ya je ya sa takalmi ya shuri tayar Yaya. "Da wannan za ka shiga, Alhaji? To in ta ajiye ka kada ka kira mu." Yaya ya cika ya yi fam, ya ce, "Ranka ya daɗe, motar nan an yi ta ne don irin hanyar nan." Mutumin ya ce, "Motar dai," ya ɗaga sanda. Rashin mutunci ne ƙarara, amma ina tuƙi ina dariya ni kaɗai.

Daga nan tsakuwa da gargada. Na tsaya na rage iska daga 36 zuwa 28, nan take motar ta daina karkarwa, kwamfutar cikinta kuma ta kunna mini fitilar gargaɗi tana kukan iska ta ragu, kamar ba ni na rage ba. Yaya bai iya sauka ƙasa da 32 ba, don in ya ƙara, rim ɗin zai kusa taɓa ƙasa. Wajen la'asar, a wani gangare mai kaifin duwatsu, na ga ta madubi motarsa ta karkata. Dutsen bai huda zane ba. Matse gefen tayar ya yi a jikin rim, ya tsaga ta tsawon ɗan yatsa. A gari in ƙusa ta shiga ka nemi mai faci, minti goma ka wuce. Tsagar gefe kuwa ba ta da faci, tayar ta mutu ke nan. Muka sa safayarsa ba mai cewa uffan.

Washegari rairayi. A nan ne na ga amfanin abin da aka yi ta zagina a kansa. Na sauke iska zuwa 18, tayar ta baje, sawunta a ƙasa ya yi tsawo kamar tafin raƙumi, motar ta riƙa shawagi a saman yashi da ɗan totur kaɗan. Na dā ina zaton faɗi ne ke hana kafewa, ga ta Yaya ta fi tawa faɗi da milimita 20, amma sau uku tana nutsewa har ciki. Taya mara gefe ba ta da inda za ta baje. A karo na uku ya fusata ya zazzage iska sosai, ya fita, ya murɗa sitiyari da ƙarfi a kan wani dutse da yashi ya rufe. Taya ta biyu ta tafi, rim ɗin ma ya tsage a baki.

To a nan nawa asirin ya tonu. Na buɗe ƙasan but ina ta cika baki, sai ga safayata, inci 22, tsohuwar tayar kwalta. Huɗu na canza, na manta da ta biyar. Kwana biyu ina yi wa Yaya lacca alhali ni ma rabin shiri na yi. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Ashe malamin ma bai gama karatu ba." Amma dai ita ta fitar da shi, tunda irin tasa ce sak. Sai muka zama motoci biyu a tsakiyar daji, babu safaya ko ɗaya.

Kilomita kaɗan gaba wata ƙaya mai kaurin ƙusa ta shige tawa ta baya. Ina jin iskar tana fita siii, gabana ya faɗi.

Allah ya haɗa mu da wani dattijo da ke zaune a wajen, mai tsohuwar a-kori-kura da rim na ƙarfe inci 16, duk sun sha guduma. Shi ya hango ƙurarmu ya taho. Na ce, "Baba, ku taimaka mana, ba mu da safaya." Ya tsuguna, ya tofa yawu a wurin, ya ga kumfa, ya ce, "Yaro, ka yi sa'a, a zane ta shiga." Ya zare ƙayar da filaya, ya goge ramin da wani ƙarfe mai kaushi, ya cusa igiyar roba mai danƙo, ya yanke saura, ko tayar ba mu kwance ba. Ɗan injin iskata da na saya don tafiyar ya yi zafi ya tsaya tun a taya ta biyu, sai nasa ya jona a batir ya cika mana duka takwas, yana gargaɗinmu kada mu kuskura mu yi gudu da ragaggiyar iska, zafi ne zai cinye tayar daga ciki.

Ya ɗauki fasasshen rim ɗin Yaya ya ƙwanƙwasa. Ya ce nasa na ƙarfe in ya lotse, guduma ce maganinsa, wannan na alminiyam kuwa in ya tsage sai shara. Sannan ya nuna mini lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a jikin tsohuwar safayata, biyun farko satin da aka yi ta, biyun ƙarshe shekara. Da na lissafa ta haura shekara shida, ko da yake ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ya ce wa Yaya ya bi ta a hankali. A wurinsa muka kwana. Da safe na kai hannu aljihu, ya ɓata rai har sai da na ji kunya, ya kuma ƙara mini igiyoyin faci guda biyar. Na tuna masu gyaran da na saba da su, waɗanda ko geji suka ɗora maka sai sun tsaya suna kallon hannunka.

Wurin da muka yi niyyar zuwa ba mu kai ba. Ba a shiga gaba babu safaya. Muka juyo ta doguwar hanya mai laushi, muna tafiyar hawainiya, kowane dutse sai mun kauce masa kamar ƙwai muka ɗauko. A shingen, jami'in nan ya leƙa bayan motar Yaya, ya ga matattun tayoyi biyu, bai ce komai ba, ya ɗaga sanda.

Kwalta, gunjin taya, gida. Facin Baba har yanzu bai saki ba, amma gobe zan kai a kwance tayar a yi mata na ciki, in kuma sayi rim na biyar. Yaya ya kira ni ɗazu yana tambayar lambar tayata, wai wani abokinsa ne ke so.